Motar daji: wadda ta fi hawa, ko wadda ba ta kwana a hanya?

A shekarar 2024 labarai biyu sun fito daga kamfanin Toyota da suka tayar da muhawara tsakanin masu harkar motocin daji. Na farko daga Amurka ne: kamfanin ya ce a dawo masa da motoci kusan dubu 102, samfurin Tundra da Lexus LX, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin injinsu tun daga masana'anta, wanda kan iya sa inji ya buga ana cikin tafiya. Daga baya ya amince zai sauya musu inji ɗungurungum. Na biyu daga Ostireliya: Land Cruiser 70, a-kori-kurar da manoma da masu haƙar ma'adinai na can suka dogara da ita, za ta rabu da injinta mai silinda takwas, a bar ta da mai huɗu.

Ga wanda ya tashi yana jin ana cewa Toyota ba ta mutuwa sai dai mai ita ya gaji, wannan abin ɗaure kai ne. Ruɗanin yana ƙaruwa in ya buɗe Facebook ko TikTok ya ga Jeep tana hawa dutsen da ko akuya sai ta yi shawara, ko Ford Raptor tana tsalle a kan tudun rairayi, sannan ya leƙa tashar Agadas ya tarar ba su ne a layi ba, Hilux ce da Land Cruiser. To wace ce ta fi? Amsar tana wuya ne saboda tambayoyi uku aka cusa cikin guda: ina motar za ta iya ratsawa, yaushe za ta lalace, kuma in ta lalace wa zai tashe ta a inda ta tsaya.

Me ake nufi da iya shiga?

Abubuwa kaɗan ne ke yanke hukuncin inda mota za ta wuce. Akwai tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa, da gajartar hancinta da bayanta, don kada ta soki tudu in za ta hau ko ta ja gindi in za ta sauka. Akwai giyar ƙarfi, wadda direbobinmu ke kira ogzilari, mai rage gudu ta ninka ƙarfin ja. A Hilux da Land Cruiser 70 ninkin kusan biyu da rabi ne, a Jeep samfurin Rubicon kuwa huɗu ne, shi ya sa take iya rarrafe a kan duwatsu a hankali fiye da tafiyar mutum a ƙasa.

Sai makullin aksil, wanda mutane da yawa ba su fahimta ba. A mota ta yau da kullum, in taya ɗaya ta faɗa taɓo ko ta ɗaga sama, ƙarfin injin yana gudu ne zuwa gare ta, ta yi ta juyi a banza, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi tana tsaye. Shi ya sa za ka ga mota mai ja da ƙafa huɗu ta kafe a wurin da bai kai ya kawo ba. Makullin yana ɗaure tayoyin biyu su juya tare dole. Rubicon tana zuwa da shi gaba da baya tun fitowarta a 2003. Hilux da yawa suna da na baya kawai, wasu ma babu ko ɗaya.

An ɗauko sunan Rubicon ne daga wata hanyar duwatsu mai tsawon kusan kilomita 35 a tsaunukan jihar Kalifoniya, wadda masu bin ta kan kwana a hanya kafin su gama. Raptor kuwa, da Ford ta fara fitarwa a samfurin 2010, an ƙera ta da tunanin tseren hamadar Baja ta ƙasar Meziko: shokozoba masu tsawo da faɗin ƙafa, don gudu a kan gargada. Ke nan ko iya shigar ma ba iri ɗaya ba ce. Dutse yana son rarrafe, rairayi yana son rashin nauyi da tayar da aka rage wa iska, laka tana son taya mai manyan haƙora. Direban da ya san ya sassauta iskar tayoyinsa kafin ya shiga rairayin Yusufari zai wuce da tsohuwar Hilux, ya bar mai mota ta miliyoyi yana tonon yashi da hannu.

Juriya ma kashi-kashi ce

Idan aka ce wata mota ta fi wata aminci, yawanci ana jingina ne da binciken wasu cibiyoyi biyu na Amurka. J.D. Power tana ƙirga yawan matsalolin da masu motoci 'yan shekara uku suka ambata a cikin kowace mota ɗari. Consumer Reports tana tambayar mambobinta abin da ya same su a cikin shekara. A jadawalin duka biyun, Toyota da Lexus sun saba zama a sama, Jeep da Land Rover kuma sun sha zama can ƙasa.

Sai dai akwai abin lura. Irin wannan ƙidaya tana haɗa allon rediyo da ya ƙi haɗuwa da waya da kuma giyabos da ya mutu, alhali na farko ɓacin rai ne, na biyu kuwa kwana ne a daji. Motocin da ake ƙirgawa kuma a kan kwalta suke rayuwa, suna shan mai mai tsabta. Abu mafi muhimmanci, ba a sayar da Hilux ko Land Cruiser 70 a Amurka. Tun 1964 ƙasar ke karɓar harajin kashi 25 cikin ɗari a kan a-kori-kurar da aka shigo da ita daga waje, don haka Toyota take ƙera musu nasu a can yankin, Tacoma da Tundra. Wanda ya kawo jadawalin Amurka a matsayin hujja kan Hilux, wata mota daban yake magana a kai.

Abin da mai motar haya a hamada yake nufi da juriya daban ne: shasi da sifirin da za su ɗauki lodi fiye da ƙima, a kan burji mai gargada, shekara da shekaru, ba su tsage ba. Sai kuma na uku, wanda babu jadawalin da ke auna shi, wato gyaruwa. Motar da ke lalacewa sau biyar a shekara amma kowane bakaniken ƙauye zai tashe ta da sifana da waya, a wasu wuraren ta fi wadda ke lalacewa sau ɗaya amma sai an kira janwe an kai ta birni an jona mata kwamfuta.

Inda buƙatun biyu ke karo

Ba wai injiniyoyin wani kamfani sun fi na wani basira ba ne. Abin da ke ƙara wa mota iya hawa sau da yawa shi ne ke rage mata wani abu.

Sifirin mai laushi yana barin taya ta miƙe ta taɓo ƙasa a cikin rami, amma ba ya son kaya. Misali a fili: Ford Ranger ta yau da kullum an yarda ta ja tirela mai nauyin tan uku da rabi, 'yar'uwarta Ranger Raptor, wadda ta fi ta tsada da iya gudu a daji, tan biyu da rabi aka ƙayyade mata. Land Cruiser 79, wani samfurin Land Cruiser 70, mai gida ɗaya tana ɗaukar sama da tan guda a bayanta, amma in babu kaya tana dukan mai zama kamar amalanke.

Manyan tayoyi suna ɗaga mota, suna kuma ƙara wa aksil, sitiyari, birki da kulochi wahala. Kowace na'ura da aka ƙara, makulli mai aiki da lantarki, shokozoba mai karɓar umarni daga ƙwaƙwalwar mota, jakar iska a madadin sifirin, tana zuwa da wayoyinta da na'urorin jin yanayi, kuma ruwa da ƙura da jijjiga abokan gabarsu ne. Sabuwar Land Rover Defender da aka gabatar a 2019 tana iya ɗaga kanta sama da danna maɓalli, ta ratsa ruwan da tsohuwar ba za ta so ba. In jakar iska ɗaya ta fashe kuwa, sai motar ta durƙusa, kuma ba abin da mai walda zai iya yi mata.

Sauƙin ƙira shi ma yana da farashinsa. Aksil ɗin gaba mai sanda guda, irin na Jeep Wrangler da Gladiator da Land Cruiser 70, yana da ƙarfi da sauƙin gyara. Amma masu Jeep a Amurka sun daɗe suna kuka da wata mummunar karkarwa da ke kama sitiyari in an taka rami ana gudu, har kamfanin ya fito da wani gyara a kanta a 2019. Hilux ta daɗe da barin irin wannan aksil a gaba, ta koma ga ƙafafu masu cin gashin kansu: ta samu daɗin tuƙi a kwalta, ta rasa wani abu na miƙewar ƙafa a kan dutse.

Wani abin da ke rikita lissafin shi ne ƙare-ƙaren da masu motoci ke yi da kansu. Motar da aka ɗaga, aka sa mata tayoyin da ba nata ba, aka ɗora mata ƙarafa gaba da baya, in ta karya aksil sai a ɗora laifin a kan sunan kamfanin.

Yadda Land Rover ta rasa fagen

Wannan gardama ta girmi intanet. Land Rover ta fito a 1948, kuma shekaru da dama ita ce motar jami'in gona, ɗan sanda da likitan dabbobi a ƙasashen da Ingila ta mulka. Bodinta na alminiyom ba ya tsatsa, kuma ba ta da nauyi. Amma an san ta da yoyon mai, da matsalar wayoyin lantarki, da sandar aksil ta baya mai karyewa. Land Cruiser, wadda ta samo asali a 1951, ta shiga Ostireliya a ƙarshen shekarun 1950 ta hannun masu kwangilar aikin madatsun ruwa na tsaunukan Snowy. A hankali ta ƙwace kasuwar, ba don ta fi hawa ba, sai don tana yin aiki ba fashi, kuma kamfanin ya shimfiɗa dillalai da kayan gyara har lunguna. Daga nan aka samu zolayar da 'yan ƙasar ke yi: in za ka shiga daji hau Land Rover, in kana son dawowa hau Land Cruiser.

A yankin Sahel shekarar 1987 ce ta kafa sunan. Sojojin Chadi, a kan ɗaruruwan a-kori-kura na Toyota da aka ɗora wa makaman fasa tanka da Faransa ta ba su, sun fatattaki rundunar Libiya mai tankoki a garin Fada da ke arewacin Chadi a watan Janairu, sannan a Wadi Dum a watan Maris. Har yau yaƙin Toyota ake kiransa. Tanka ta fi a-kori-kura sulke nesa ba kusa ba, amma a-kori-kura ba ta cin mai kamar tanka, ta fi ta sauri a rairayi, kuma direba da yaronsa sun isa su riƙe ta.

Duk da haka tarihin bai tafi a miƙe ba. A tsaunin Mambila na jihar Taraba tsofaffin Land Rover sun ci gaba da jigilar mutane da kaya a hanyoyin da damina ke mayarwa santsi, saboda rashin nauyinsu ya dace da wurin kuma makanikan yankin sun haddace su ciki da bai. Motar da ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa ta zama abin dogaro a inda aka iya gyaranta.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu fifita iya shiga suna da hujja mai ƙarfi: motar da ba ta lalace ba amma ta kafe a tsakiyar rafi, ita ma ba ta kai ka ba. Suna ƙarawa da cewa makulli da giyar rarrafe suna kare mota, domin wanda ba shi da su dole ya ɗauko gudu ya afka wa tudu, kuma a nan ake karya abubuwa. Suna kuma tuna wa jama'a cewa Toyota ba waliyyiya ba ce. Baya ga batun Tundra, a 2016 kamfanin ya amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar da ke cinye shasin Tacoma, Tundra da Sequoia.

Masu fifita juriya suna cewa kaso mafi yawa na tafiyar daji ba hawan dutse ba ne, doguwar hanya ce mai ƙura da gargada, wadda kowace mota mai ja da ƙafa huɗu za ta bi. Wurin da ya gagara ana iya zagaye shi, ko a sauke fasinja a tura. Injin da ya buga kuwa ba shi da zagaye. Su ma suna da misalinsu: Ford Bronco, wadda ta dawo kasuwa a 2021 ta sha yabo wajen hawa, tana cikin motoci kusan dubu 90 da Ford ta nemi a dawo da su a 2024 saboda bawul ɗin inji mai karyewa.

Idan aka duba da kyau, ɓangarorin biyu ba wuri ɗaya suke tuƙi ba. Mai zuwa duwatsun Moab a jihar Utah ranar hutu yana tafiya ne cikin ayarin abokai, gari yana kusa, in abu ya karye ya zama labarin da za a yi dariya a kai. Mai bin hanyar Agadas zuwa Dirku yana da sama da kilomita 500 na hamadar Tenere a gabansa. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocin da suka ɗauko su zuwa Aljeriya sun lalace. Nisan da ke tsakanin mota da taimako shi ne ke nuna wane ma'auni ya kamata a sa a gaba. Wannan ne dalilin da ya sa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna sayen Land Cruiser 70 fara, marar ado, ta hannun wani dillali da ke Jibralta.

Nasarar tsere kuma ba hujja ba ce ga kowa. Motar da ta ci gasar Dakar a 2019, 2022 da 2023 da sunan Hilux, kamanni da suna kawai ta haɗa da wadda ke gaban shagon dillali.

Sabon inji da tsohon mai

A nan ne labarin Ostireliya ya shafi mai saye a Kano ko Damagaram. Injin da ya gina sunan Land Cruiser a Afirka shi ne 1HZ, na dizal, lita 4.2, silinda shida, wanda ya fito a 1990. Ba shi da turbo, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba. Rago ne a hawa, amma yana haƙuri da gurɓataccen mai. Sabon injin mai silinda huɗu, lita 2.8, yana ba da ƙarfin doki sama da 200, kuma mai giyar otomatik ɗinsa ya fi mai silinda takwas ɗin da ya maye gurbinsa ƙarfin ja. A takarda ya fi ta kowace fuska.

Yadda yake samun wannan ƙarfi shi ne abin dubawa. Yana fesa mai ne da matsi mai tsananin gaske ta nozul masu ƙananan ƙofofi, ƙarƙashin kulawar kwamfuta, kuma a ƙasashe masu tsauraran dokokin hayaƙi ana ƙara masa matatar toka a salansa. Ɗigon ruwa ko ƙasa a cikin mai, wanda tsohon inji zai haɗiye, yana iya kashe nozul da famfo gaba ɗaya. Matatar kuma tana son dizal mai ƙarancin sinadarin salfa. Turai ta ƙayyade kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Najeriya ta daɗe tana halatta har 3,000, kuma sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da 50, aiwatarwar kuma ta ɗauki lokaci. Ko a Ostireliya, inda man yake da tsabta, wata kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa matatar da ke cikin Hilux, Prado da Fortuner sama da dubu 260 da aka sayar tsakanin 2015 da 2020 tana da naƙasu.

Dokokin hayaƙin ba don ado aka yi su ba, hayaƙin tsohon dizal yana cutar da huhu. Amma sakamakonsu shi ne irin injin da bakanike zai kwance a gindin bishiya yana ƙarewa a kasuwa. Attajirin Ingila Jim Ratcliffe ya yi ƙoƙarin farfaɗo da motar daji ta gargajiya da Ineos Grenadier bayan an daina ƙera tsohuwar Defender a 2016. Ya samu shasi da aksil irin na da, amma injin BMW na zamani ya sa mata.

Wa abin zai shafa?

Mafi yawan masu sayen irin waɗannan motoci a Najeriya da Nijar na hannu suke saye, don haka sauyin yana iso musu ne a makare, bayan shekaru. Motar dizal da aka ƙera don Turai, mai matatar toka, ta fi shiga haɗari a hannun wanda ke shan mai daga jarka a bakin hanya. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hilux mai injin fetur lita 2.7 take da farin jini: tana shan mai, amma ba ta da tsirfa. Sai dai tun cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 wannan shan man ya zama abin lissafi, faɗuwar darajar naira kuma ta sa kowane kayan gyara da ake shigowa da shi ya yi tsada.

Ga manomi, ɗan kasuwar ƙauye ko asibitin da ke neman motar ɗaukar marasa lafiya, tambayar da ta fi amfani ita ce ko za a samu kayan motar a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna a yini guda. Jeep ko Raptor za su iya fin Hilux hawa, amma shokozoba ɗaya in ta mutu ana iya jiran makonni kafin ta iso daga waje. Hakan kuma yana bayyana a farashin sayarwa: motar da kowa ya iya gyarawa ba ta faɗuwa da wuri, abin da ke sa ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi tsada tun farko, har wasu suka fara karkata ga a-kori-kurar kamfanonin Sin masu sauƙin kuɗi.

Makanikai su ma abin ya zo kansu. Wanda bai koyi aiki da na'urar binciken kwamfuta ba zai ga motocin da ya iya suna raguwa shekara bayan shekara. Fasinjan ƙauye kuma, wanda ba shi da ta cewa wajen zaɓen mota, shi ke biyan kuɗin a ƙarshe, ko ta ƙarin kuɗin mota ko ta kwana a hanya.

Mai niyyar sayen ta hannu zai fi samun gaskiyar mota a ƙarƙashinta fiye da a tambarin gabanta: ko shasin yana da tabon walda ko tsatsa, ko ogzilari yana shiga yana fita ba gardama, ko an taɓa ɗaga ta an sa mata tayoyin da suka fi ƙarfinta, wane inji ne a ciki, kuma don kasuwar wace ƙasa aka ƙera ta.